Hans Geiger, Mai Ƙirga Abin da Ido Ba Ya Gani

Mai ƙirga shanu a kasuwar Wudil yana ganin abin da yake ƙirgawa. To, yaya mutum zai ƙirga abin da ido ba ya gani? Wannan shi ne aikin Hans Geiger.

An haife shi a ƙasar Jamus cikin shekara ta 1882. Da ya gama karatu a jami'ar Erlangen cikin 1906, sai ya haye Ingila, ya zama mataimakin babban masanin nan Ernest Rutherford a Manchester.

Akwai waɗansu ma'adinai, kamar radiyam, waɗanda cibiyar ƙwayar zarrarsu ba ta da dauriya. Kullum wata tana fashewa, ta harba 'yar ƙwaya mai ɗauke da lantarki, wadda masana ke kira alfa. Cikin 1908 su biyun suka ƙera bututun ƙarfe da siririyar waya a tsakiyarsa, suka rage iskar ciki, suka sa masa lantarki mai ƙarfi. Ƙwaya na shiga sai lantarki ya bi ta iskar, allura ta motsa.

Amma fa wa ya sani ko na'urar tana tsallake waɗansu? Tilas a gwada ta. Geiger yakan zauna a ɗaki mai duhu har idonsa ya saba, sa'an nan ya dubi wani ɗan allo ta madubin ƙara girma. In ƙwaya ta bugi allon sai ya yi ƙyalli, shi kuwa ya ƙirga, ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai cin ido ƙwarai. Da aka gwama lissafin ido da na na'ura, suka zo kusan daidai.

Cikin 1909 shi da Ernest Marsden suka harba ƙwayoyin nan ga sirantaccen fallen zinariya, sai ga 'yan kaɗan sun komo baya. Daga nan Rutherford ya gane ƙwayar zarra tana da cibiya mai nauyi.

Geiger ya koma gida cikin 1912, ya yi Yaƙin Duniya na Farko a rundunar igwa. Cikin 1928, a Kiel, shi da almajirinsa Walther Müller suka kyautata bututun. Irinsa ne ke cikin akwatin nan mai ƙas-ƙas da ake auna tururin nukiliya da shi a wurare kamar cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana cikin masanan da gwamnatin Hitler ta tara don binciken yuraniyam. Ya mutu a Potsdam ran 24 ga Satumba, 1945.