Tarihin Ignatiyus na Loyola, Sojan da Ya Zama Jagoran Zukata

An haifi Ignatiyus a shekarar 1491 a gidan manya na Loyola, a arewacin ƙasar Sifen. Ya tashi ba abin da yake so kamar ado da yaƙi da suna. A 1521, wajen kare garin Famfalona daga sojojin Faransa, harsashin igwa ya karya masa ƙafa. Yana kwance yana jinya ya nemi littattafan jarumai, ba a samu ba, sai aka ba shi tarihin Yesu Almasihu da na waliyyai.

A nan ne ya lura da wani abu. In ya yi tunanin ɗaukakar duniya sai ya ji daɗi, amma can an jima zuciyarsa ta bushe. In kuwa ya yi tunanin bin sawun waliyyai, farin cikin ba ya gushewa.

Da ya warke, a 1522, sai ya ajiye takobinsa, ya tafi garin Manresa, ya yi kusan shekara yana addu'a. Amma waswasi ya kama shi, yana ganin ba a gafarta masa ba, har ya yi tunanin halaka kansa. Ya yi mako guda ba ci ba sha. Fadan da yake furta wa zunubansa ya umarce shi ya ci abinci, ya kuwa bi. Ba da daɗewa ba waswasin ya rabu da shi.

Wannan wahala ce ta sa ya rubuta littafinsa na horar da ruhu. Mutum zai keɓe wajen kwana 30 yana addu'a, yana gaya wa jagoransa abin da ke motsi a zuciyarsa. Aikin jagoran shi ne ya saurara, ya taimake shi tantancewa, amma ba ya zaɓa masa hanya.

Hukumomin coci sun tsare shi sau biyu a 1527, domin yana koyarwa bai gama karatun addini ba. Bai yi zuciya ba, ya tafi Faris ya ci gaba da karatu. A can ya ja Faransis Zabiya da waɗansu abokai, suka kafa Ƙungiyar Yesu, wadda Fafaroma ya amince da ita a 1540. Ya rasu a Roma a 1556.

To, 'yan'uwana ɗalibai, in jarumi kamar wannan ya bukaci mai sauraronsa, ina ga mu? In damuwa ta yi yawa, kada mu ɓoye ta, mu nemi babba mai amana.