Walter Gowans: Ƙwaya Wadda Ta Faɗi Ƙasa

'Yan'uwa, a wannan biki na murna ya kamata mu tuna da wani saurayi wanda bai ga ranar nan ba, amma ta wurinsa aikin ya soma. Sunansa Walter Gowans, mutumin Kanada ne, asalinsa daga Sukotlan.

Tun yana saurayi Allah ya ɗora masa nauyin ƙasar Sudan, wato ƙasashen da su ke kudu da Sahara, har da tamu. Ya nemi ƙungiyoyin mishan su aike shi, suka ƙi. Sai ya tashi da abokai biyu, Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko ran 4 ga Disamba, 1893. Waɗanda suka riga su zuwa suka gargaɗe su cewa mutuwa ce a gabansu. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham a Ikko, sauran biyu kuwa suka kama hanyar arewa.

A hanya Gowans ya faɗa hannun mayaƙa masu kamun bayi, kayansa suka salwanta, ciwo kuma ya ci ƙarfinsa. Cikin Nuwamba 1894 ya rasu a Girku, ƙasar Zazzau, bai kai shekara 30 ba. Kent kuma ya rasu a Bida cikin Disamba. Gowans bai gina ɗakin sujada ba, bai kuwa yi wa kowa baftisma ba. Ga idon duniya, hasara ke nan.

Amma sa'anda Bingham ya koma Toronto, ya tarad da uwar Gowans ba ta yi nadama ba. Ta fi so ɗanta ya mutu cikin biyayya ga Ubangiji da ya zauna gida lafiya. Ta ci gaba da addu'a. A 1902 aka kafa tashar fari a Patigi, a 1924 aiki ya kai Damagaram, a 1950 kuma aka buɗe asibitin Galmi. Ubangiji Yesu ya riga ya koya mana wannan cikin Bishara ta Yohanna, sura 12: ƙwayar hatsi sai ta shiga ƙasa kāna ta yi zangarniya.

Mun san abin da ke damun waɗansunmu da dare. Mun bar hanyar iyayenmu, muna cewa a rai, ran da na mutu wa zai wanke ni, wa zai rufe ni? Gowans ya mutu nesa da uwa da dangi, amma Ubangijinsa bai ɓace da shi ba. Mutuwa abar baƙin ciki ce, muna kuka, gama Yesu ma ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Amma shi wanda ya tashi daga matattu ya san kabarin kowane ɗayanmu, zai kuwa tashe mu.

Saboda haka mu tsaya da aminci, mu riƙa jana'izar juna da ƙauna, mu shuka ko ba mu ne za mu girba ba.