Alekzanda Mack (1679–1735): Mai Niƙa Daga Jamus da Tarihin Gidansa

Masu karatu da yawa a Agyaragu da kewayen Lafia sun san Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, wadda take tare da ERCC cikin TEKAN, tarayyar da aka kafa a Randa a 1955. Amma kaɗan ne suka san cewa tushen wannan ekklesiya yana cikin gidan wani mai niƙa da noma a ƙasar Jamus, wanda ya yi ƙaura har sau uku saboda bangaskiyarsa. Bari mu bi sawun wannan gida daga uba zuwa 'ya'ya.

Asalinsa

An haifi Alekzanda Mack a watan Yuli 1679 a Schriesheim, wani ƙaramin gari kusa da birnin Heidelberg. Mahaifinsa, Johann Philipp Mack, yana da injin niƙa wanda ruwan rafi ke juyawa, yana kuma da gonakin inabi. Dattijo ne a ekklesiyar Reformed, har ya taɓa riƙe shugabancin garin. Zamanin kuwa na wahala ne. Yaƙin shekara talatin, daga 1618 zuwa 1648, ya bar ƙauyuka kango, a 1693 kuma sojojin Faransa suka ƙone Heidelberg. Alekzanda ya so zurfafa karatu, amma mutuwar wansa ta sa ya koma aikin niƙa domin ya tallafa wa mahaifinsa. A watan Janairu 1701 ya auri Anna Margaretha Kling, 'yar wani babban gida a garin.

Ƙaura ta farko

A lokacin, doka ta amince da ekklesiyoyi uku kaɗai: Katolika, Lutheran da Reformed, kuma sarkin kowace ƙasa ne yake zaɓa wa talakawansa wadda za su bi. Mack ya shiga cikin masu taruwa a gidaje domin addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki, abin da hukuma ta hana. A watan Agusta 1706 jami'ai suka tarwatsa wani taro da ake yi a gidan niƙan nasa, inda mai wa'azi Hochmann von Hochenau yake koyarwa. Mack ya riga ya sayar wa ɗan'uwansa rabonsa na injin. Sai ya ɗauki matarsa da 'ya'yansu maza biyu ƙanana, suka bar garin kakanninsu, suka sauka a ƙauyen Schwarzenau, inda mai mulkin yankin yake karɓar waɗanda aka tsananta wa.

A nan ne ƙaramin taron ya ƙudura cewa baftisma ta wanda ya ba da gaskiya ce da bakinsa. A 1708 mutum takwas, maza biyar da mata uku, suka gangara kogin Eder da sassafe. Suka jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa a kansa ya yi wa Mack baftisma, shi kuma ya yi wa sauran, yana nutsar da kowa sau uku. Suka ɓoye sunan wanda ya fara, don kada a kira ekklesiyar da sunan wani mutum. Suka riƙe wankin ƙafa da jibin ƙauna, suka ƙi rantsuwa da ɗaukar makami, suka kuma mai da Matiyu sura 18 hanyar sasanta 'yan'uwa. Mack ya bayyana koyarwarsu a rubuce a 1713 da 1715. Littafin na biyu ya tsara shi kamar hira tsakanin uba da ɗansa. Dukiyar da ya gada kuwa ta ƙare wajen ciyar da masu gudun hijira da taimakon waɗanda hukuma ta kama.

Holan da Amurka

A 1720, saboda matsi da ƙarancin abin zaman gari, jama'ar suka ƙaura zuwa Surhuisterveen a arewacin Holan. A wannan shekara Anna Margaretha ta rasu. 'Ya'yansu mata biyu ma ba su yi tsawon rai ba. Tun a 1719 wani rukuni ƙarƙashin Peter Becker ya riga ya haye teku zuwa Germantown, kusa da Filadelfiya, inda akwai ƙasar noma da 'yancin sujada. A 1729 Mack ya shiga jirgin ruwa mai suna Allen tare da 'ya'yansa maza uku da jama'a fiye da ɗari, suka isa a watan Satumba.

Abin baƙin ciki, ya tarar da ekklesiyar a rabe. Wani mai suna Conrad Beissel ya janye mutane zuwa kiyaye Asabar da zaman rashin aure. Mack ya nemi sulhu, bai samu ba. Ya rasu a 1735 yana da shekara 55, ba shi da wata dukiya. A 1894 aka ɗauke ƙasusuwansa zuwa maƙabartar ekklesiyar Germantown.

'Ya'yansa

Rabuwar ta shiga har cikin gidansa. Valentin, ɗan fari, ya bi Beissel zuwa Ephrata, can ya ƙare kwanakinsa. Johannes ya tsaya cikin koyarwar mahaifinsa. Autan, Alekzanda ƙarami, wanda aka haifa a Schwarzenau a 1712, shi ma ya tafi Ephrata bayan mutuwar uban, amma daga baya ya komo Germantown, ya yi aure, ya riƙe sana'ar saƙa, ya kuma yi wa ekklesiya hidima fiye da shekara hamsin, har mutuwarsa a 1803. Zuriyar waɗannan baƙi yawancinsu manoma suka zama, suka bazu zuwa Maryland, Virginia da Ohio, suna sujada da harshen Jamusanci na tsawon tsararraki.

Daga irin wannan gida na manoma a jihar Fensilbaniya aka haifi Stover Kulp a 1894. Shi da Albert Helser suka yi sujada ta farko a gindin tsamiya a Garkida ranar 17 ga Maris 1923. A 2023 EYN ta yi bikin cika shekara ɗari, kuma yawan membobinta ya ninka na uwar ekklesiyar a Amurka sau da yawa.

Abin koyi gare mu

Yaya aka san wannan tarihi bayan shekara ɗari uku? Littafin rajistar ekklesiyar Schriesheim ya adana ranakun baftisma da aure. Tun 1727 hukumar Filadelfiya take rubuta sunayen baƙin da suka sauka daga jiragen ruwa. Alekzanda ƙarami kuma ya riƙa rubuta sunayen 'yan'uwan da suka rasu. Ba don alƙalamin waɗannan ba, da sunan gidan ya ɓace.

'Yan'uwa, mu ma mun san ƙaura. A 2014 aka sace 'yan matan Chibok, yawancinsu 'ya'yan EYN, aka kuma mamaye hedkwatar ekklesiyar a Kwarhi. Iyalai da dama sun sami mafaka a jiharmu ta Nasarawa, wasu takardunsu sun ƙone tare da gidajensu. Ko a cikinmu da muke noman doya a gonakin kakanninmu, tsofaffin da suka san wanda ya fara sare dajin, da wanda ya fara karɓar bishara a gida, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Da tsohuwar zuma ake magani. Bari kowane magidanci ya zauna da tsofaffinsa kafin damina mai zuwa, ya rubuta sunaye, garuruwa da shekaru. Sakatarorin ekklesiya kuma su kula da littattafan baftisma da na aure, su ajiye kwafi a wani wuri dabam.

Ubangiji ya ba mu zuciyar karɓar baƙo, da amincin riƙe bangaskiya har ƙarshe. Amin.