Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Ilimin Magani

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781, ya tashi a tsangayar mahaifinsa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ta baffansa Abdullahi. Shi ya kafa birnin Sakkwato a 1809, ya kuma karɓi ragamar daula a 1817. Masana tarihi sun cika ɗora alƙalaminsu kan yaƙe-yaƙensa da kuma Infaƙul Maisuri, har ya zamana an kusa mance da Bello likita, wanda kuwa ba ƙaramar asara ba ce.

Ya wallafa littafi sukutum kan ciwon ido, wani kan basir, wani kuma kan wankin ciki da filasko. Wannan ganye da ake tsinka a dajin ƙasar Hausa, har gobe masu harhaɗa magunguna na zamani suna sarrafa shi don wannan bukata. Lokacin da Baturen Birtaniya Kilafaton ya iso Sakkwato a 1824, Bello ya duba na'urorinsa na auna taurari, ya ambata masa sunayen burujai da Larabci, ya ba shi taswirar ƙasarsa. Sannan ya nemi a turo masa likita ya zauna a birnin. Ba likitan da ya iso.

Ya rasu a Wurno a 1837, can aka yi masa makwanci. A gaɓar wannan Gulbin Rima, a Dundaye ta ƙasar Wamakko, jami'ar da ke ɗauke da sunan mahaifinsa take nazarin tsirrai a yau.