Mamman Shata: Ɗan Fulanin da ya fara waƙa a dandali, ya ƙi zama bawan kowa

Ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, kwana ashirin bayan sojoji sun miƙa mulki ga farar hula, Allah Ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Aka ɗauki gawarsa zuwa Daura, garin babban ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, aka yi masa sutura a can. Ya bar duniya yana da lambar girmamawa ta ƙasa ta MON da digirin girmamawa na Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma bar waƙoƙin da shi kansa bai taɓa ƙidaya su ba. Mai wannan ɗaukaka kuwa ya taso ne a gidan da ake ɗaukar waƙa abin kunya, kuma ya daɗe yana yin ta don nishaɗi kafin ya yarda ta zama hanyar cin abincinsa.

An haife shi a Musawa a shekarar 1923, lokacin garin yana ƙarƙashin En'e ta Katsina. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa Lariya, dukansu Fulani. A tsarin zaman Hausawa na wancan zamani sana'a gado ce. Ɗan maƙeri ya tashi a maƙera, ɗan mahauci a mahauta, ɗan makaɗi kuma ya ɗauki ganga tun bai iya ɗaura wando ba. Kiɗa da waƙa suna cikin abin da ake kira roƙo, maroƙi kuwa, ko da ana jin daɗinsa ana ba shi riga da doki, ba a cika son haɗa zuri'a da shi ba. Gidan su Shata bai gaji roƙo ba. Saboda haka Ibrahim Yaro bai so ɗansa ya bi wannan hanya ba, ya fi son ganinsa a gona ko a kasuwa. Yaron ya yi karatun allo kamar sauran tsaransa, ya yi tallar goro, daga baya ya koma sayar da alewa.

Makarantar dandali

Abin da mahaifi bai iya hanawa ba shi ne dandali. A ƙauyukan ƙasar Hausa, idan an ci tuwon dare, musamman da kaka ko lokacin farin wata, samari da 'yan mata kan taru a fili, mai kalangu yana kiɗa, ana rawa ana waƙa. Babu dandamali, babu kuɗin shiga, kuma babu wanda ke zaune a matsayin ɗan kallo zalla. Wani ya jefa baiti, jama'a su amsa, wani ya mayar masa da martani. A irin wannan wasa na samari, wanda a yankin Katsina aka sani da asauwara, Shata ya fara buɗe baki. Bai je don a ba shi komai ba. Har alewar tallarsa takan ƙare a hannun 'yan matan dandali.

Dandali makaranta ce mai tsanani. Wanda ya yi jinkirin samo kalma, kiɗa ya wuce shi, a yi masa dariya. Wanda ya faɗi abin da bai shafi mutanen wurin ba, amshi ya mutu a bakinsu. Nan Shata ya koyi abubuwa biyu da ya rayu da su fiye da shekara hamsin: tsara waƙa nan take, da karanta fuskar taro. Cikin ɗan lokaci ya fi tsaransa, ƙauyukan da ke kewaye suka fara neman sa, har ya saki goro da alewa ya kama waƙa gadan-gadan.

Daga Musawa ya koma Bakori, bisa gayyatar Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da ke aikin En'e a can, a harkar sayen auduga da gyaɗa. A Bakori ya yi auren fari. Daga nan ya riƙa zagaya garuruwa da makaɗansa, Katsina da Kano da sauran biranen Arewa. A 1952 ya yi wasa a Bikin 'Yan Sarki na Kano, inda aka aurar da 'ya'yan sarauta da dama a lokaci guda, kuma daga wannan biki sunansa ya shiga bakin manya. A 1960 ya tare a Funtua, garin auduga da tashar jirgin ƙasa a kan hanyar Zariya zuwa Gusau, wanda ya zama gidansa har ƙarshen rayuwarsa.

Yadda yake gina waƙa

Don a gane abin da Shata ya kawo, sai a dubi waɗanda ya tarar. Manyan mawaƙan zamaninsa na fada ne. Ibrahim Narambaɗa yana kiɗan kotso ga Sarkin Gobir na Isa, Musa Ɗanƙwairo ya gaji kiɗa daga gidansu, Mamman Sarkin Taushin Katsina kuwa sarautarsa ma ta fada ce. Waɗannan sukan zauna da yaransu su tsara waƙa, su maimaita ta har ta zauna, 'yan amshi suna karɓar baiti daga bakin jagora suna ƙarasawa. Kayan kiɗansu ma na sarauta ne.

Shata ya zo da kalangu, gangar mahauta da 'yan mata, wadda ba ta da wani matsayi a fada. Tsarinsa mai sauƙi ne: ya kafa amshi guda, makaɗa su riƙe shi suna maimaitawa, shi kuma ya yi ta zuba baitoci a tsakani gwargwadon abin da ya gani ko ya tuna a lokacin. Ba ya zama a gida ya shirya waƙa, ba ya gwaji da yaransa. Wannan ne ya sa waƙa ɗaya takan fito da siffa daban duk lokacin da ya rera ta. Bakandamiya, waƙar da ya yi wa kansa kirari a cikinta, tana da nau'o'i da yawa a faifai da kaset, kowanne da baitocin da babu su a ɗayan.

Sauƙin amshin nan shi ne sirrin yaɗuwarsa. Duk wanda ya ji shi sau biyu zai iya shiga, kamar dai a dandalin Musawa. Da gidan rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, sai dandalin ya faɗaɗa. Manomin rake a Maƙarfi da Kudan, mai shayi a tashar Paki, direban babbar mota a hanyar Legas, da ɗan kasuwa Bahaushe a zangon Kumasi, duk suka zama 'yan amshin mutum ɗaya.

Mawaƙin kowa

Tun da ba shi da gadon fada, babu sarkin da zai ce Shata nasa ne shi kaɗai. Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa attajirai, ya yi wa direbobi da 'yan kasuwa da mata masu sana'a da ma'aikatan gwamnati. Ya yi waƙar noma, ya yi ta yabon Annabi (SAW), ya yi ta zaburar da mutanen Arewa su tashi su nemi na kansu. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙin ƙarfafa zuciya. Da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a 1969, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, ya kai labarin ga mutanen da ba su taɓa riƙe jarida ba.

Rayuwarsa ba ta rasa abin suka ba. Zambonsa yana da dafi, kuma akwai mutanen da suka shiga bakin duniya saboda baiti ɗaya da ya jefe su da shi, ba su da inda za su kai ƙara. Ya yi waƙar da ta shafi shan giya, wadda malamai da dattawa suka yi tir da ita. Ya kuma ci arzikin masu mulki da masu kuɗi, har motoci ya karɓa a hannunsu. Wanda zai yi masa adalci dole ya haɗa waɗannan da sauran. Amma zambon nan shi ne ya sa manya suke shakkar sa. A tsarin roƙo na gargajiya, maroƙi ne ke tsoron ɓacin ran ubangida. A wurin Shata lamarin ya juya, har ya zama ubangida ne ke lissafin abin da mawaƙi zai faɗa a kansa gobe.

Daga waƙar siyasa zuwa yin siyasa

Yawancin mawaƙa sukan tsaya a gefen siyasa, su yi wa ɗan takara waƙa, su karɓi rabonsu su koma gida. Shata ya shiga cikinta da ƙafafunsa. A shekarun 1970 ya tsaya takara ya ci kujerar kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya, wadda Musawa ke ƙarƙashinta a lokacin, cikin tsohuwar Jihar Kaduna kafin a cire Katsina a 1987. A Jamhuriya ta Biyu, 1979 zuwa 1983, ya fara da GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, sannan ya koma NPN mai mulki. A shirin miƙa mulki na Janar Ibrahim Babangida, lokacin da gwamnati ta ƙirƙiro jam'iyyu biyu, SDP da NRC, aka zaɓe shi shugaban SDP na Ƙaramar Hukumar Funtua.

Bai daɗe a kujerar ba. Ya sami saɓani da ɓangaren Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda shi ne jigon jam'iyyar a Jihar Katsina, aka tsige shi. Mutumin da ya saba faɗa wa sarakuna abin da ya ga dama ya tarar da cewa jam'iyya tana da nata iyayen gida, kuma farin jinin dandali ba ya ƙirga ƙuri'ar 'yan kwamiti. Sauya sheƙarsa daga GNPP zuwa NPN ma tana nuna cewa shi ɗan siyasa ne irin na zamaninsa, mai lissafi kamar kowa. Duk da haka, abin lura ne cewa a al'ummar da ta ɗora mawaƙi a ƙasan tsani, talakawa sun jefa masa ƙuri'a ya wakilce su, 'yan jam'iyya kuma sun miƙa masa jagorancinsu.

Abin da ya canza

Girman da mahaifinsa ya ji tsoron zai zube a dandali, jami'a ce ta mayar wa gidan da shi. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka da nazari a kan Shata da matsayin mawaƙin baka a al'ummar Hausa da Fulani. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba mawaƙin digirin girmamawa, daga nan sunan Dakta ya manne masa. Ya kai kalangu ƙasashen Afirka ta Yamma, ya kai shi har Amurka. Shekara bakwai bayan rasuwarsa, a 2006, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah!, wanda ya zama madogara ga masu nazarinsa.

Bayan Shata, zai yi wuya a ce waƙa ta 'yan gado ce kaɗai. Matasan da ke cika ɗakunan naɗar waƙa a Kano da Kaduna da Zariya a yau, da waɗanda ke haɗa kiɗa a waya a ƙauyukan Ikara, mafi yawansu ba 'ya'yan makaɗa ba ne, kuma da yawa sun sha irin faɗan da Ibrahim Yaro ya yi wa ɗansa. Ƙofar da suke bi, shi ne ya faɗaɗa ta. Sai dai tambayar da rayuwarsa ta tayar tana nan ba ta tsufa ba. Duk kakar zaɓe ana ganin mawaƙa suna bin 'yan takara, ana raba musu motoci da kujerun Makka, wasu har da muƙamin mai ba da shawara. Shata ma ya karɓi kyauta, kuma ya yabi masu mulki. Bambancin shi ne cewa jarinsa yana hannun jama'ar da ke amsa masa waƙa, saboda haka idan ubangida ɗaya ya juya masa baya, yana da dubban masu saurare da zai koma wurinsu. Mawaƙin da jarinsa duka ke aljihun gwamna guda, ranar da gwamnan ya sauka shi ma ya sauka.

A shekarunsa na ƙarshe rashin lafiya ya kwantar da shi, aka yi jinyarsa a Jidda da Kano. Ya rasu yana da shekara 76, ya bar mata da 'ya'ya da jikoki. Kabarinsa yana Daura, gidansa yana Funtua, Musawa kuwa yanzu ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta. Dandalin dare irin wanda ya koyi waƙa a cikinsa ya ja baya a ƙauyuka da yawa na Katsina, wani wuri saboda sauyin zamani, wani wuri saboda 'yan bindiga sun hana mutane zama a waje bayan isha'i. Muryarsa dai tana nan a gidajen rediyo da wayoyin matasan da aka haifa bayan rasuwarsa, kuma har yanzu idan kalangun ya tashi a tasha ko a wurin biki, akan sami wanda zai karɓi amshin. Allah Ya jiƙansa da rahama.