Malam Aminu Kano Ya Sha Kaye, Amma Bai Naɗe Hannu Ba

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana na ƙasar Yauri, Ngaski da Shanga, musamman masunta, manoma da ƙananan 'yan kasuwa. Duk lokacin da aka gama zaɓe, sai ka ji waɗanda ɗan takararsu ya faɗi suna rantsuwa wai su da ƙuri'a har abada, wasu ma su jefa katin a ƙasan akwati. To jama'a, mu dubi rayuwar marigayi Malam Aminu Kano.

An haifi Malam a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a 1920. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, ya koyar a Makarantar Midil ta Bauci inda ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, sannan ya ƙaro ilmi a Landan. Da ya dawo aka tura shi kwalejin horon malamai ta Maru, cikin Lardin Sakkwato, lardin da mu ma Yauri muke ciki a wancan zamani. A 1950 ya ajiye aikin gwamnati ya rungumi jam'iyyar NEPU, a 1953 ya zama shugabanta.

Daga nan fa aka shiga shan kaye. A 1954 Maitama Sule na NPC ya kayar da shi a zaɓen majalisar tarayya. A 1956 ya sake faɗuwa a zaɓen majalisar Arewa. Ga 'yan doka da kotunan alkalai sun sa magoya bayansa gaba, wasu bulala, wasu gidan kaso. Hajiya Gambo Sawaba kaɗai an ɗaure ta sau 16. Amma Malam bai koma gida ya rufe ƙofa ba. Ƙauye-ƙauye ya riƙa bi yana karantar da talaka cewa aikin tilas zalunci ne, kuma mace ma tana da haƙƙin ilmi da na zaɓe. A 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas, a 1964 ta sake kuɓuce masa.

A 1979 ya tsaya takarar shugaban ƙasa a PRP mai alamar mabuɗi, ya zo na huɗu cikin mutum biyar da ƙuri'a wajen miliyan 1.7. Alhaji Shehu Shagari ne ya ci. To amma wahalar shekara talatin ba ta tafi a banza ba, domin jam'iyyarsa ta kafa gwamnati a Kano da Kaduna, inda Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Matan Arewa kuma suka jefa ƙuri'a a wannan zaɓe. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, bai taɓa zama gwamna ko shugaban ƙasa ba, bai kuma bar dukiya ba sai gidansa na Gwammaja. Da ya yi zuciya tun 1954, wa zai sauke wa talaka wannan kaya?

Mu mutanen bakin ruwa mun fi kowa sanin illar shiru. Lokacin da aka gama dam ɗin Kainji a 1968, an tayar da mutum fiye da dubu arba'in, gungu da fadamu suka nitse, wuta kuma ta wuce zuwa manyan birane. Hukumar kula da yankunan da ke samar da wutar, wato HYPPADEC, sai a 2010 aka yi dokar kafa ta, ta kuma ƙara kusan shekara goma kafin ta fara aiki. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa ya kife kusa da Wara, aka yi asarar rayuka masu ɗimbin yawa. Rigar ruwa, hanya, asibiti da makaranta ba sa zuwa don an yi fushi an zauna a inuwa. Ɗan siyasa kuwa ba ya shakkar garin da ya san ba za su fito ba.

Saboda haka shawarata ita ce, wanda ya faɗi ya tashi ya karkaɗe rigarsa, faɗuwar gaba asarar namiji. Ku adana katinku. Ƙungiyoyin masunta da na 'yan kasuwa su ci gaba da zama, su rubuta buƙatunsu su kai wa kansila, ciyaman da ɗan majalisa, ko da ba shi suka zaɓa ba, domin albashinsa daga dukiyar kowa yake fitowa. A tuna masa alkawarinsa cikin ladabi, ba zagi ba ƙone-ƙone. In ya ƙi ji, akwai ranar ƙin dillanci.

Allah ya jiƙan Malam Aminu, ya ba mu zaman lafiya, amin.

Naku,
Mai karatu kullum,
Yelwa-Yauri, Jihar Kebbi.