Alhasan Ɗantata

An haifi Alhasan Ɗantata a 1877 a Bebeji, kusa da Kano. Ubansa falke ne, ya rasu tun Alhasan yana yaro. Wata tsohuwa, Tata, ta riƙe shi, shi ya sa ake ce masa Ɗantata.

Lokacin yaƙin basasar Kano aka kama shi bawa. Ya fanshi kansa, ya kama fataucin goro daga Gwanja.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Daga baya Alhasan ya shiga sayen gyaɗa wurin manoma. A 1929 ya kai kuɗin azurfa banki, kayan raƙuma 20.

Marayan nan ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma.